Baffa Mai Kibiyar Alli

Daga Allah muka zo, kuma Baffa ya riga mu komawa gare Shi. Ya rasu ana tsakiyar noman rani, alkama ta fara ja a gonakin da ke tsakanin ƙauyenmu da Kura, bayan wani zazzaɓi da kowa ya ɗauka na wucewa ne. Yayan mahaifina ne, su biyu rak kakarmu ta bari a duniya. Ya koyar da fiziks a sakandaren maza ta yankinmu har ya yi ritaya. Ni ma yau abin da nake koyarwa ke nan a wata makarantar 'yan mata a cikin birnin Kano, kuma a bakinsa na fara jin sa.

Kafin in iso daga birni har an kai shi makwanci. Na shiga cikin gida na zauna cikin mata muna amsa gaisuwa. Mutanen garinmu kusan magana ɗaya suke maimaitawa: "Allah Ya jiƙan Malam, mutum ne da ba ruwansa da kowa." Wata tsohuwa ta ce ita ba ta taɓa jin an ce ya yi faɗa da wani ba. Inna, mahaifiyata, ta sunkuyar da kai, don ita ta san wanda ya yi faɗan da shi. Wata kuma ta tambaya ko shi ne tsohon nan da yake tsayawa a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, yana jefa kara a ruwa yana bin sa da ƙafa. Aka ce shi ne. Ta ce, "Allah Sarki. Mu har cewa muke ko kansa ne ya ɗan taɓu."

A waje labarin daban ne. Yayana ya shigo ya ce wani mutum ya zo da ƙatuwar mota daga Kaduna yana tambayar gidan Malam Kibiya, yaran unguwa suka ce ba su san mai wannan suna ba, sai da ya kwatanta. Tsofaffin ɗalibansa kaɗai suka san sunan. Suka yi ta zuwa ɗai-ɗai: injiniya, ma'aikacin jinya, wani mai sayar da taki a kasuwar Bunkure, da wani ɗan acaɓa da ya jingine babur ɗinsa ya tsuguna gaban tabarma yana kuka kamar ubansa ne ya mutu. Ɗan Baffa tilo, wanda ke aiki a Fatakwal, bai samu isowa ba sai da aka yi addu'ar uku. Baba kuwa, mahaifina, yana zaune a ƙofar zaure yana miƙa hannu ana gaisawa. Bakinsa na motsi, amma ba a jin abin da yake cewa.

Wata amarya sabuwar zuwa garin ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na ji ta raɗa wa ta kusa da ita, "Wai shi marigayin me yake yi?" Aka ce mata, "Tsohon ma'aikacin gwamnati ne." Ta gyaɗa kai, aka shiga wata magana. Tsoro ya kama ni cewa nan da 'yan shekaru iyakar abin da zai rage na Baffa ke nan.

Sunan Malam Kibiya a allo ya samo shi. Baffa ba ya zana mota ko keke ko tsuntsu da alli bai sa masa kibiya a gaba ba, mai nuna inda ya dosa. In abin yana sauri ya ja kibiyar da tsawo, in a hankali yake tafiya ya gajarta ta. Darasin da ya fi so a duk fiziks shi ne abin da littafi ke kira belositi, kuma ya yi shekaru yana neman kalmar Hausa da za ta ɗauke shi bai samu wadda ta kwanta masa a rai ba. Yawanci yakan ce "sauri mai alƙibla", sannan ya yamutsa fuska ya ce ba ta cika ba. Ga yadda yake bayani: "In ka ce mini mota tana gudu sosai, rabin labari ka ba ni. Wannan sauri ne kawai. Sai ka gaya mini Kano ta nufa ko Zariya, sannan ka ba ni belositi."

Har gida abin ya biyo shi. Yaro zai shigo yana haki ya ce, "Baffa, akuya ta tsinke ta gudu!" Sai ya ɗago kai ya ce, "Ta nufi ina?" Ba wasa yake yi ba, kuma sau da yawa sai ka tarar yaron bai duba ba.

Ina 'yar firamare ya fara ɗaukata a bayan kekensa zuwa gona. Wata rana muna tafe a kan gaɓar kanal, muka zo inda hanyar ta yi kwana, ya karya kan keken.

"Na ƙara sauri?" ya tambaye ni.

"A'a, Baffa."

"Na rage?"

"A'a."

"To ɗazu rana tana bayanmu. Yanzu tana ina?"

Na ce tana dukan kunnena na dama.

"To belositinmu ya canza ke nan, ko da saurin yana nan yadda yake."

Na daɗe ina juya maganar a raina. Ban san mutum zai iya tambayar hanyar da yake bi kullum ta ba shi amsa ba. Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ke kina ji. Mazan ajina haddacewa suke yi."

Wannan darasin ne ya raba shi da ƙaninsa.

A lokacin Baba direban babbar mota ne, yana ɗaukar kwandunan tumatir daga nan zuwa Legas. Wata rana a aji Baffa yana so ya nuna wa yara bambancin doguwar hanyar da mutum ya bi da kuma tazarar da ke tsakanin inda ya tashi da inda ya tsaya, domin in za a fitar da matsakaicin belositi, da ta biyun ake lissafi. Sai ya ce, "Kun san ƙanina direba. Ya tashi daga ƙofar gidansa, ya je Legas, ya dawo ya ajiye mota a ƙofar gidansa. Ya ci hanya, ya ƙona mai, saurinsa ba kaɗan ba ne. Amma daga inda ya tashi zuwa inda ya tsaya babu tazara ko kaɗan. Matsakaicin belositinsa na duk tafiyar sifili ne."

Yara suka fashe da dariya. A cikinsu akwai 'ya'yan direbobi, su suka kai maganar tasha. Kafin Baba ya dawo daga tafiyar da yake ciki, suna ya riga shi isowa. Yana saukowa daga mota aka tarbe shi da "Sannu da hanya, Sifili!" Yaran mota suka sa yatsa suka rubuta a dattin ƙofar motarsa. Sunan ya bi shi har ƙasar Yarabawa, don direbobi ba sa barin abin dariya ya kwana a wuri ɗaya.

Ina gidan Baffa ranar da Baba ya shigo, ina taya Umma, matar Baffa, tsince shinkafa. Ko zama bai yi ba.

"Yaya, ni ka mayar abin dariya a gaban yara?"

"Misali na yi, ba zagi ba ne. Zauna in nuna maka, magana ce ta lissafi."

"Lissafi! Kai aka kai boko, ni aka bar ni da garma da shanu, ban taɓa cewa uffan ba. Na fita da kaina na koyi sitiyari. Ina kwana a hanya, 'yan fashi sun taɓa kwantar da ni a kwalta. Yanzu duk wannan ka tara ka ce sifili ne?"

Baffa ya ɗauki tsinke ya tsuguna ya fara zane a ƙasa. Baba ya sa ƙafa ya share zanen.

Umma ta ce, "Malam, ka ba shi haƙuri kawai."

"Haƙurin me? Ƙarya na yi? Ko ya so ko ya ƙi, amsar ba za ta canza ba."

Baba ya dube shi ya ce, "To ka riƙe kibiyarka." Ya juyo gare ni. "Ke, tashi mu tafi."

Ba zan ɓoye ba don ya mutu: Baffa yana da taurin kai. In ya san yana kan daidai a lissafi, ba ya ganin inda ya taka mutum. Daga ranar sai sallama kawai ke haɗa su, a masallaci ko wurin jana'iza, kuma aka yi shekaru a haka. Baba ya hana ni zuwa ɗaukar darasi. Inna ce ta nemo dabara: kullum sai ta zuba kunu ko dambu a kwano ta ce in kai wa Umma, kuma ba ta taɓa tambayata me ya daɗar da ni ba. A tsakar gidan nan, da tsinke da ƙasa, na yi karatun da ya kai ni jami'a. Ban taɓa jin Baffa ya zagi ƙaninsa ba. Abin da kawai yake tambayata shi ne, "Babanku ya dawo?" In na ce tukuna, sai ya ɗauki kujerarsa ya kai ƙofar zaure, ta inda ake hango titi.

Akwai labarin da ni ma ban sani ba sai a zaman makoki. Wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da ɗan fili a can ƙarshen kanal ta zo gaisuwa, ta zauna ta ba mu. Ta ce wata shekara albasarta ta fara bushewa, ruwa ba ya isa gonarta ko da ranar rabonta ce. Danginta suka ce maƙwabcin da ke sama da ita ne yake tare ruwan, har samari sun fara maganar zuwa masa da sanduna. Ta haɗu da Baffa a hanya tana kuka, ya tsayar da kekensa ya saurare ta.

Ta ce, "Ya karyo kara ya jefa a ruwa daga saman gonar maƙwabcina, ya ce mu bi shi. Karan ya wuce gonar mutumin lafiya lau. Da ya zo inda ciyawar kacala ta cika kanal, sai ya rage gudu, ya yi juyi, ya karkata gefe ya shige cikin ciyawar da sauri. Malam ya ce mini, 'Ruwanki yana gudu, amma ba gonarki ya nufa ba.' Ya naɗe wandonsa ya shiga, ya yaye ciyawar, sai ga gaɓa ta fashe, ruwa yana zuba cikin kwari."

Ta ce washegari ya dawo da lauje da buhuna. Shi kaɗai, da furfurarsa, ya yi kwanaki yana yankan kacala yana cika buhu da ƙasa har ya toshe wurin. Da ta kai masa albasa bayan girbi, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya mayar mata da sauran. Ya ce kada ta gaya wa kowa, kada a ce ya shiga aikin da ba nasa ba. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Yau dai na faɗa, ya yafe mini."

Umma ta rasu shekarar da ya yi ritaya. Baba ya zo, shi ya shiga kabari ya karɓe ta, aka yi kwanakin zama da shi, sannan ya koma gidansa ba tare da sun yi wata magana ba. Gidan Baffa ya zama shiru. Ɗansa yana kira ta waya, yana roƙonsa ya koma Fatakwal wurinsa, ya ƙi. An kawo masa maganar ƙarin aure, ya ce shi ya gama. Makarantar da ya bari ta daɗe ba a turo mata malamin fiziks ba. Ya je ya ce zai riƙa shiga aji kyauta, aka yi masa godiya aka ce za a neme shi, ba a neme shi ba. Sai ya koma zama ƙarƙashin darbejiyar da ke hanyar makaranta lokacin tashi, da guntun alli a aljihu, ko wani yaro zai tsaya da tambaya. Yawanci gaishe shi suke yi su wuce, idonsu a kan waya.

A majalisar dattawa ma bai dace ba. Ana hirar farashin taki da siyasa, shi kuma sai ya ga shirwa tana kewayawa a sama ya ce, "Ku duba, saurinta ɗaya amma kullum belositinta canzawa yake." Sai wani ya ce, "Allah Ya ba Malam lafiya," a ci gaba da maganar taki. A hankali ya daina zuwa. In na zo hutu daga birni, yakan riƙe ni tun hantsi har la'asar yana tambayata yadda 'yan ajina suke fahimta, wace kalma nake amfani da ita, wane misali. In na miƙe zan tafi sai ya ce, "Har kin gaji da tsohon?" Ina fita nakan ji ya kunna rediyo, don dai a ji murya a gidan.

Haɗari ne ya mayar da su wuri ɗaya. Motar Baba ta faɗi a hanyar Zariya, bayan Garun Malam, ƙafarsa ta karye gida biyu. Aka dawo da shi gida bayan ɗori, an gaya masa ya gama tuƙi. Ina zaune kusa da shi ina yi masa fifita muka ji an jingine keke a bango. Baffa ya yi sallama, ya shigo ya zauna a bakin tabarma. Suka gaisa.

Can Baba ya ce, fuskarsa na kallon bango, "Ka zo ka ga Sifilinka? Ga shi yanzu ya tabbata."

"Ƙanina na zo gani."

Baffa yana murza hularsa a hannu. Sannan ya ce, "Ka san abin da ya sa na yi misali da kai? A duk wanda na sani babu wanda ya kai ka nisan tafiya. Ni Zariya ce iyakata. Ina so yaran su ji cewa mutumin da ya je har bakin teku ƙanina ne. Lissafin daidai ne, har gobe. Amma bai kamata in kira ka a aji ba, kuma da ka zo ranar nan kamata ya yi in ajiye tsinken. Ka yafe mini."

Baba bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce, "Har yanzu sai ka ce daidai ne."

"To daidai ne mana."

Na ga kafaɗar Baba tana rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce. Baffa ya matso ya ce, "Ni a littafi na ga teku. Gaya mini yadda yake."

Baba ya gyara kwanciya ya fara ba shi labari: ruwan da ba a ganin ƙarshensa, gadar da ke tafiya a kansa, warin kifi, yadda igiyar ruwa ke tasowa ta daki gaɓa ta koma. Baffa ya katse shi, "Ta ina take tasowa? Kai tsaye take zuwa ko a karkace?" Baba ya ce, "Ka ga halin naka ko? Bari in gama mana." Daga ranar, kullum bayan la'asar Baffa yana gidanmu. Da ƙafar ta warke, Baba ne yake dogara sanda ya je masa. Ba su daina musu ba har ƙarshe. Baba bai taɓa yarda cewa wanda ya je Legas ya dawo yana da wani abu da za a kira sifili ba, Baffa kuma bai taɓa janyewa ba. Shekarun da suka samu tare ba su kai waɗanda suka ɓatar ba, amma sun same su.

Da zazzaɓin ya kwantar da shi, Baba ne ya tare a ɗakinsa, shi yake ba shi ruwa, shi yake juya shi. A hannunsa ya cika, da rana tsaka, yana laƙƙana masa kalmar shahada.

Bayan an share makoki baƙi suka watse, ɗansa ya kulle ɗakunan ya koma bakin aiki, aka naɗe tabarmi. Ranar da zan koma Kano na nemi Baba in yi masa sallama, ban same shi a gida ba. Na tarar da shi a zauren Baffa shi kaɗai, sandarsa a kan cinya. Na durƙusa na ce zan tafi. Sai ya ce in zauna.

"Kin san kakarku ta rasu ina ƙarami, ko yaye ni ba a daɗe da yi ba," in ji shi. "Ba ta da hoto. Ni ban riƙe fuskarta ba. Shi ne ya san ta. In na tambaye shi sai ya ce doguwa ce, tana da wushirya, in tana daka tana waƙa ƙasa-ƙasa. Jiya na zauna ina so in tuna ko ya ce mini fara ce ko baƙa. Na kasa. Har na ɗauki sanda zan zo in tambaye shi."

Muka zauna tare har aka kira azahar, motar da na yi niyyar bi ta tafi ta bar ni. Sannan ya dafa bango ya miƙe, na miƙa masa buta.

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka yafe masa taurin kansa, Ka saka masa a kan abin da ya koyar da kuma alherin da ya ɓoye. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa da Umma a inuwar rahamarKa. Shi kuma wanda ya rage a zauren, Ka ba shi haƙuri, Ka sa mu riƙa leƙa shi.